Zuciyar ɗan Adam: tsarinta da irin naman da aka gina ta da shi

Zuciya tsoka ce mai rami a ciki, aikinta tura jini zuwa huhu da sauran jiki. Tana zaune ne a tsakiyar ƙirji tsakanin huhu biyu, bayan ƙashin ƙirji, ba wai a hagu take gaba ɗaya ba kamar yadda mutane da yawa suka ɗauka, tsininta na ƙasa ne kawai ya karkata hagu, shi ya sa in ka ɗora hannu wajen tsakanin haƙarƙari na 5 da na 6 ta hagu a nan ka fi jin bugunta. Girmanta kamar dunƙulen hannun mai ita ne, nauyinta a jikin babba giram 250 zuwa 350, kuma ko mutum yana kwance ba ya komai tana tura jini kusan lita 5 duk minti ɗaya.

Ɗakuna huɗu ne a cikinta, biyu a sama masu karɓar jini, likitoci na ce musu atiriyam, biyu a ƙasa masu tura shi, su ne bentirikul. Jinin da ya gama zagaya jiki yana shiga ɗakin sama na dama, ya sauka na ƙasa, a tura shi huhu ya ɗebo iskar oksijin, sai ya dawo ta ɓangaren hagu, daga nan ɗakin ƙasa na hagu ya harba shi cikin babbar jijiyar da ake kira awota. Tsakanin dama da hagu akwai bango. Galen, likitan zamanin Rumawa, ya ce wai akwai ƙananan huji a bangon nan da jini ke bi, aka yi ta bin maganarsa sama da shekara dubu har Ibn al-Nafis, wanda ya yi aiki a Alƙahira a ƙarni na 13, ya ce babu wani huji, ta huhu jinin yake zagayawa, kuma shi ke da gaskiya. William Harvey na Ingila ne ya bayyana zagayen jinin gaba ɗaya a 1628. Ɗan tayi dai yana da ƙofa a tsakanin ɗakunan sama tunda bai fara numfashi ba, bayan haihuwa take rufewa ta bar ɗan gurbi.

Bawul huɗu ne ke hana jini komawa baya. Na dama tsakanin sama da ƙasa marfinsa uku, na hagu da ake kira maitiral biyu ne, kuma waɗannan marafan ba a sake suke ba, akwai wasu siraran zarurruka farare masu ƙarfin gaske da suka ɗaure gefensu da wasu 'yan tsokoki da suka tsiro daga bangon ɗakin ƙasa, in zuciya ta matse sai tsokokin su ja zaren don kar marfin ya kife sama. Sauran biyun suna bakin awota da bakin jijiyar huhu. Sautin nan biyu da likita ke saurara a ƙirji ƙarar rufewar bawul ɗin ne.

Zuciyar kanta a cikin wata jaka take mai suna ferikadiyam, da ɗan ruwa kaɗan a ciki don ta riƙa motsi ba tare da gogayya ba. Bangonta hawa uku ne, siririn tantani a waje, wani mai santsi a ciki wanda jini ke taɓawa, sai tsokar a tsakiya, mayokadiyam kenan, kuma ita ce mafi kauri nesa ba kusa ba. Kaurin ma ba ɗaya ba ne ko'ina, bangon ɗakin ƙasa na hagu ya ninka na dama kusan sau uku, dalili kuwa na dama huhu kawai yake turawa jini, ga shi nan kusa, na hagu kuwa sai ya kai shi har kai da yatsun ƙafa.

A ganina a nan ne abin mamakin ya fi yawa, sai an saka naman a ƙarƙashin madubin likita ake gani. Ƙwayoyin tsokar zuciya suna da zane ratsi-ratsi kamar na tsokar hannu, amma su gajeru ne kuma suna yin reshe, kowace ta kama maƙwabtanta, a daidai mahaɗar sai ka ga wani layi mai duhu ya gitta. A cikin layin nan akwai maɗaurai masu riƙe ƙwayoyin kar su rabu in an matse, akwai kuma wasu mitsi-mitsin hanyoyi da saƙon lantarki ke bi kai tsaye daga wannan ƙwaya zuwa waccan, shi ya sa miliyoyin ƙwayoyi suke matsewa kusan lokaci guda. Kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na cikin kowace ƙwaya maitokondiriya ne ya cike shi, wato masu samar da kuzari, don tsokar da ke bugawa kusan sau 100,000 a rana ba ta da lokacin hutu mai tsawo.

Ba ƙwaƙwalwa ce ke ba da umarnin kowane bugu ba, ita dai tana iya ƙara sauri ko ta rage. Wani ɗan curin ƙwayoyi ne a bangon ɗakin sama na dama ke kunna saƙon da kansa, sau 60 zuwa 100 a minti in ana hutawa, wasu masana biyu, Keith da Flack, ne suka gano shi a 1907. In saƙon ya isa wani curi na biyu da ke kusa da mahaɗar ɗakunan sama da na ƙasa sai ya ɗan dakata kamar kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa don ɗakunan ƙasa su gama cika, sannan ya bi ta wasu zarurruka masu ɗaukar lantarki, waɗanda ake kira damin His da zarurrukan Purkinje, ya bazu cikin ɗakunan ƙasa. Wannan ita ce kaɗai hanyar da aka bar masa, saboda tsakanin sama da ƙasa akwai wani tauri na nama wanda lantarki ba ya ratsawa, a jikinsa ma bawul ɗin suka kafu.

Duk da jinin da ke cika ta, tsokar ba daga shi take ci ba, tana da jijiyoyinta biyu da suka fito daga gindin awota suka kewaye ta, kuma ɓangaren hagu ya fi samun jininsa lokacin da ta saki ne ba lokacin da ta matse ba. In reshe ɗaya ya toshe ƙwayoyin wurin suna fara mutuwa cikin ƙasa da awa ɗaya, kuma tsokar zuciya kusan ba ta sake tsiro, sai dai tabo ya maye gurbin, tabon kuma ba ya matsewa, ba ya ɗaukar saƙon lantarki yadda ya kamata.