Wane takalmi ya dace da tuƙin mota?

Silifas fa, me ya yi? Ai da shi kowa ke tuƙi.

Gaskiya ne, ka leƙa kowace tasha za ka tarar rabin direbobin da silifas suke. Zafi ne ya jawo, ga kuma sauƙin cirewa lokacin alwala. Amma silifas ba shi da abin da ke riƙe dunduniya. Lokacin da ka ɗaga ƙafa daga totur za ka taka birki, bayansa kan yi lilo, ya lanƙwashe, ko ya shige ƙarƙashin birkin. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Daƙiƙar da ka ɓata kana laluben takalmi, akuyar da ta tsallako titi ba za ta jira ka ba. In ƙafa ta jiƙe da ruwan alwala ko gumi, santsin roba ya ƙaru.

To wanne za a sa?

Wanda ya kama ƙafa, musamman dunduniya, ƙasansa shimfiɗaɗɗe kuma ba mai kauri ba, yadda za ka ji nauyin da kake ɗora wa birki. Ƙungiyar masu motoci ta RAC a Ingila ta ba da shawarar kada kaurin ƙasan ya wuce milimita 10. Kambas mara nauyi ya yi, sau-ciki ma haka, kai har sandal mai maɗauri a baya. Babban but irin na ma'aikatan gini kuwa faɗinsa kan sa a taka birki da totur tare.

Mata masu takalmi mai tsini fa?

Hajiya, a bar shi sai an isa gidan biki. Tuƙi na so dunduniya ta zauna daram a ƙasa, ƙafa tana juyawa a kanta, shi kuwa tsini ɗage ta yake yi, wani lokacin ya maƙale a shimfiɗar motar. A ajiye takalmin tuƙi daban, amma ba a ƙarƙashin kujerar direba ba, don taka birki ɗaya zai gangaro da shi gaba.

Akwai doka a kai?

Ya danganta da ƙasa. Dokar hanya ta Birazil ta hana tuƙi da takalmin da bai kama ƙafa ba. A Birtaniya, ƙa'ida ta 97 ta dokokin hanya cewa ta yi kada sutura ko takalmi su hana direba sarrafa mota yadda ya kamata.

Ba gara a tuƙa ƙafa ba takalmi ba?

A ganina ya fi silifas, amma ba shi ne mafita ba. Tafin ƙafa tsirara ba ya iya danna birki da ƙarfi kamar mai takalmi, kuma a mota mai kuloci, kafin ka kai Maiduguri daga Kano ƙafar hagu ta gaya maka.