Fatar Lantarki ta Mutum-mutumi

Fatar lantarki wata siririyar shimfiɗa ce mai lanƙwasuwa, wadda ake lulluɓe jikin mutum-mutumi ko hannun roba da ita domin ya riƙa jin taɓi, matsi, zafi da santsi. Fatar ɗan Adam ake kwaikwayo, wadda a tafin hannu da yatsu kaɗai take ɗauke da jijiyoyin jin taɓi kimanin 17,000. Su ne ke sa majemi a Sakkwato, da zarar ya murza fatar jar akuya tsakanin yatsunsa, ya san ko ta jemu. Na'urar da ta dogara da kyamara kawai ba ta da wannan sani, domin sau da yawa ba ta gane cewa abu yana zamewa daga hannunta sai ya riga ya faɗi.

A shekarar 2004 Takao Someya na Jami'ar Tokyo ya nuna wani faifai mai lanƙwasuwa da ke auna matsi a wurare da yawa lokaci guda. A 2010 kuma ayarin Zhenan Bao a Jami'ar Stanford ta Amurka ya sassaƙa fuskar roba da ƙananan tsinaye masu siffar dala, waɗanda ke lotsawa idan an danna su, su koma yadda suke nan take. Wata hanyar daban ita ce ta GelSight, daga jami'ar MIT ta Amurka a 2009: ana ɓoye kyamara a bayan roba mai laushi, tana ɗaukar hoton shatin da abu ya bari a jikinta.

Sai dai babbar wahalar ba a jin taɓin take ba, tana wajen kai saƙon. Kowace ƙwayar ji, wato ƙaramar na'urar da ke jin taɓin a cikin fatar, tana buƙatar hanyar waya, kuma idan dubbai suka yi ta aiko da bayani babu ƙaƙƙautawa, kwamfutar takan gaza. Gordon Cheng na Jami'ar Fasaha ta Munich a Jamus ya magance wannan a 2019 da mutum-mutumin H-1, mai ɓangarorin fata 1,260 da ƙwayoyin ji fiye da 13,000, inda kowane ɓangare yake yin shiru sai abin da yake ji ya sauya. Haka mutum yake daina jin hularsa jim kaɗan bayan ya sanya ta. Wannan dabara, a hakika, ta fi yawancin abubuwan da ake yayatawa muhimmanci.

A 2022 ayarin Shoji Takeuchi a Tokyo ya lulluɓe yatsan na'ura da rayayyiyar fata da aka raino daga ƙwayoyin halittar mutum. A 2023 ayarin Bao ya haɗa fata mai laushi da ƙwaƙwalwar ɓera, taɓi ya sa ƙafarsa ta motsa, abin da ke da muhimmanci ƙwarai ga waɗanda suka rasa hannu ko ƙafa.

Ƙarko shi ne abin da ya rage. Roba tana yagewa, awonta yana kaucewa idan zafi ya sauya, kuma fatar da za ta yi aiki a Sakkwato dole ta jure zafin Afrilu da ke haura digiri 40 da ƙurar hunturu mai shiga kowace kafa.