Gajiyar Mai Cutar MS Ba Lalaci Ba Ce

An daɗe ana ɗaukar mai cutar MS (multiple sclerosis, wata cutar jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka) da ke kukan gajiya a matsayin rago, har 'yan uwa su ce masa ya samu barci kawai, jiki zai warware. Wannan fahimta kuskure ce, kuma tana ƙara wa mara lafiya ƙunci.

A wannan cuta, garkuwar jiki ce ke far wa rufin da ke lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, sai saƙonni su riƙa tafiyar hawainiya. Hoton MRI mai nuna aikin ƙwaƙwalwa ya bayyana cewa masu wannan gajiya suna da sauyi a yadda sashen talamas (cibiyar isar da saƙonni a tsakiyar ƙwaƙwalwa) da gaban ƙwaƙwalwa ke musayar saƙo, kuma sau da yawa ƙwaƙwalwar kan tara sassa masu yawa domin ƙaramin aiki. Shi ya sa malamar makaranta a Tudun Wada za ta iya kwana lafiya lau, amma kafin azahar riƙe alli ya gagare ta, musamman a zafin Afrilu na Kaduna, domin zafi yana ƙara rage gudun saƙon a jijiyar da ta lalace.

Ƙwaya ma ba ta cika biyan buƙata ba: wani gwaji da aka yi a Amurka, aka wallafa a 2021, ya gano cewa magungunan amantadine da modafinil da ake bayarwa don gajiyar ba su fi ƙwayar da ba ta ɗauke da magani tasiri ba. Motsa jiki daidai gwargwado da zaman shawara da masanin halayyar ɗan Adam suna rage gajiyar, kuma masu bincike suna bin diddigin yadda haɗin sassan ƙwaƙwalwa ke sauyawa bayan irin wannan jinya.