Mujiyar fadama: a karanta kafin a sake tambaya

Duk shekara da ruwa ya fara janyewa daga fadamun kogin Logone, tambayoyi iri ɗaya game da mujiyar fadama ne ke zuwa mini daga masu yankan ciyawa, manoman shinkafa na garin Maga a arewacin Kamaru da 'yan makaranta. Ga amsoshin a wuri guda.

Ita ce mujiyar da ke kuka a kan rufin sito?

A'a. Waccan mai farar fuska ce, mai son gini da kogon itace. Ta fadama ba ruwanta da gari. Jikinta ruwan ƙasa ne, idanunta masu duhu, tsawonta santimita 30 zuwa 37, da 'yan gashi biyu a ka waɗanda da ƙyar ake ganinsu. Masana na kiranta Asio capensis.

Idan ta yi kuka a kan mutum, wani zai mutu?

Haba jama'a! Tsuntsuwa ce, cikinta take nema. Hadisi ingantacce a Bukhari da Muslim ya kore camfi, har da camfin mujiya. Kukan nata ma gajere ne mai kaushi, kamar an yage sabon yadi, kuma tana yawan yin sa idan an taso ta daga ciyawa. Wanda ya ba yaro danƙo ya harbe ta saboda wannan magana ya zalunce ta.

Na gan ta tana shawagi rana ba ta faɗi ba. Lafiyarta kuwa?

Lafiya lau. Tun la'asar sakaliya takan fito, har da sassafe, balle idan tana da 'ya'ya.

Ina yankan ciyawa na tarar da sheƙarta a ƙasa, ko ɗanta shi kaɗai. Me zan yi?

To, wannan ita ce tambayar da ta dame ni, kuma amsarta ta danganta da abin da ka tarar.

Da farko, ba faɗowa suka yi daga itace ba. A ƙasa take yin ƙwai, cikin ɗan rami da ta tattake a gindin ciyawa mai kauri, ciyawar ta rufe ta ta sama. Ƙwai farare ne, yawanci 2 zuwa 4, macen ce ke kwanci kwana 27 zuwa 28, namijin yana kawo mata abinci. Ba rana ɗaya suke ƙyanƙyashewa ba, shi ya sa za ka ga wani ɗan ya fi wani girma sosai. Ba ciwo ba ne.

Idan ƙwai ne ko jarirai masu farin gashi, ka ajiye laujen. Ka bar ciyawa tsaye kewaye da wurin, taku goma ta kowane ɓangare idan da hali, fiye da haka ma ya fi. Ɗan tsibirin ciyawa a tsakiyar fili da aka aske tas alama ce ga hankaka da kare da dila, don haka idan za ka iya barin shi haɗe da sauran ciyawar da ba a yanka ba, ka yi. Wanda ka riga ka yanke a kan sheƙar, ka jingina shi sama-sama ya yi inuwa, kada ka danne. Ba na ba ka tabbacin za su rayu, wani lokaci uwar takan bar wurin idan ɓarnar ta yi yawa. Amma sau da yawa tana dawowa da zarar ka yi nisa.

Idan kuma ɗa ne mai ɗan girma shi kaɗai, ɗan'uwa, ba maraya ba ne. Suna barin sheƙa da ƙafa tun suna da mako biyu zuwa uku, su bazu cikin ciyawa, ba sa tashi sama sai wajen mako biyar. Iyayen na bin kukansu da dare suna ciyar da kowanne a inda yake. Idan yana kan hanyar shanu ko gaban wuta, ɗauke shi ka sa a ciyawa mai kauri mafi kusa. Taɓa shi da hannu ba zai sa uwar ta ƙi shi ba, ka kwantar da hankalinka. Abin da ba na so shi ne kai shi gida a kwali ana ɗura masa koko da tsaki. Nama yake ci da gashi da ƙashi, koko kashe shi zai yi.

Wani abu kuma: idan babbar ta faɗo gabanka tana jan fiffike tana birgima, ba karyewa ta yi ba. Janye ka take yi daga 'ya'yanta. Ka duba inda kake sa ƙafa, ka koma ta inda ka fito.

Me take ci?

Ɓeraye, jaba, fara, manyan ƙwari, kwaɗi, wani lokaci ƙananan tsuntsaye. Ba ta ɗaukar kaza.

To in sa maganin ɓera a gonar shinkafa?

Ɓeran da ya ci guba ba nan take yake mutuwa ba, yana yawo a sanyaye, shi ta fi saurin kamawa. Ka kashe mai yi maka aiki kyauta kenan. Sa tarko. Idan dole sai magani, ka bi gonar da safe ka kwashe matattun ka binne.

Ƙona ciyawa fa?

Na san makiyayi yana son sabon tofo, ba na musun haka. Amma bayan damina, lokacin da ciyawa ta cika, shi ne lokacin da sheƙa ke ƙasa, kuma ƙwai ba ya gudu. A ƙona yanki-yanki, a bar wani. A zaga wurin tukuna, duk inda mujiya ta tashi a share masa layin tsaida wuta.

Ta kusa ƙarewa ne?

A duniya a'a. Tana da yawa a kudanci da gabashin Afirka, akwai ta a Madagaska, akwai 'yan kaɗan a Maroko. A yankinmu kuwa tsibiri-tsibiri take, ta dogara da fadama irin ta yankin Waza a arewacin Kamaru da ta bakin Tafkin Chadi. Bayan gina madatsar Maga a 1979 ambaliya ta ragu, ciyawar fadama mai yawa ta mutu, sai da aka sake buɗe wa ruwa hanya a 1994 wani sashe ya farfaɗo. Inda ciyawar ta tafi, ita ma ba za ka same ta ba.

Zan iya kiwonta a keji?

A'a.