Tambayoyin da masu shiga jami'a ba sa gajiya da yi

Duk shekara da zarar JAMB ta saki sakamako, tambayoyin nan ne suke dawowa, daga ɗalibai, daga iyaye, har daga yayyen da suka biya kuɗin fom. Ga amsoshin nan wuri ɗaya. Wanda ya sake tambayata abin da ke ciki, nan zan turo shi.

Na ci 180 a JAMB. Zan samu likitanci?

A'a. Jarrabawar a kan maki 400 take, kuma masu kusan 300 ma ba duka ake ɗauka ba.

Zan iya haɗa sakamakon WAEC da na NECO?

E, kiredit biyar a zama biyu. Amma likitanci, yawancin jami'o'i zama ɗaya suke nema. Yana rubuce a kundin kwasa-kwasan JAMB, wanda ba ku karantawa.

Wani ya ce in ba shi kuɗi, yana da hanya a ofishin admishan.

Ka riƙe kuɗin mahaifinka. Tun 2017 duk gurbin karatu ta manhajar CAPS ta JAMB yake bi. In sunanka bai fito a can ba, ba a ɗauke ka ba, ko da an miƙo maka takarda mai tambari da sa hannu. Abin takaicin, wasu ba sa ganewa sai sun gama shekara huɗu, an zo tura sunaye bautar ƙasa, a nemi nasu a rasa. Kuma ku daina barin yaron kafe ya danna muku karɓa ko ƙi. Lambar sirrinka taka ce.

Na fi abokina maki, ya samu, ni ban samu ba. Ba magudi ba ne?

Ba lallai ba. Jami'o'in tarayya raba guraben suke yi: kashi 45 cikin ɗari na cancanta zalla, 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Ka duba jihar da ya cike kafin ka zagi kowa.

Likitanci na nema, aka ba ni ilimin tsirrai. In karɓa, ko in zauna in sake JAMB?

Wannan ita ce tambayar da ba na son amsawa a tsaye a bakin ƙofa, don amsar ta danganta da wanda ya yi ta.

Farko, ka cire wani abu daga ranka. Za a ce maka ka shiga kawai, in ka gama aji ɗaya sai ka canja. Canjin kwas yana yiwuwa, musamman a cikin tsangaya ɗaya, in makinka ya yi kyau kuma sashen da kake so yana da wuri. Amma likitanci da lauya ba haka suke ba. Majalisar likitoci ta MDCN ce take ƙayyade wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta horar, lauyoyi ma suna da tasu majalisar mai irin wannan iyaka. Sau da yawa waɗanda aka ɗauka tun farko ma sun yi yawa, rage su ake yi bayan jarrabawar aji ɗaya. To ta ina za a sa ka? Akan dace, amma kada ka ɗora rayuwarka a kai.

Sai ka dubi tazarar. In maki kaɗan ne ya hana ka, kana da shekara 17 ko 18, kuma gidanku akwai wanda zai tsare ka da karatu, sake zama ba laifi ba ne. In kuwa wannan ne zamanka na uku kuma makin yana nan inda yake, ƙanena, jarrabawar ta riga ta gaya maka abin da mu muke jin nauyin faɗa. Ka tuna kuma sakamakon JAMB na shekara ɗaya ne, bara ba ta taimakon bana. Shekaru ma suna tafiya: wanda ya haura 30 kafin ya kammala digiri ba ya zuwa bautar ƙasa, takardar yafewa ake ba shi.

Akwai hanyar tsakiya, ita nake yawan nunawa, ko da yake ba kowa take yi wa ba. Ka karɓa, ka yi rajista, ka yi karatun da gaske, sannan ka sake rubuta JAMB kana ciki. Kada ka ɓoye cewa kai ɗalibi ne, kuma ka sani ba a riƙe gurbi biyu lokaci guda, in sabon ya fito dole ka saki tsohon. Illarta kuɗi ne sau biyu, da hankali da yake rabuwa. Na ga waɗanda ta yi wa kyau, na ga waɗanda suka faɗi nan suka faɗi can. Ana kuma iya yin IJMB, jarrabawar share fagen shiga jami'a wadda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya take kula da ita, a nemi aji biyu kai tsaye, sai dai guraben likitanci ta wannan ƙofar ma 'yan kaɗan ne.

In mace ce ke tambaya, 'yata, ki ƙara da wannan lissafin: shekarar zaman gida tana iya ƙarewa da an kawo kuɗin aure. In kin san gidanku haka yake, ni dai da na ce ki riƙe na hannu.

Sannan ka tambayi kanka, kai kake son likitancin ko Baba? Wannan kam ba ni zan amsa maka ba.

To in tafi Kwatano? An ce shekara biyu an gama.

A Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Jamhuriyar Benin, inda Kwatano take, da na Togo, bayan wani ɗan jarida ya samo digiri cikin makonni shida. Kai ka sani.

Aji ɗaya ai hutu ne, ko?

Wa ya gaya maka? Makin semestar farko yana cikin lissafinka har ranar da za ka fita. Digiri mai daraja ta ɗaya daga 4.50 yake farawa a kan 5, babbar daraja ta biyu daga 3.50. Sakamakon A maki biyar ne, F sifili, kuma kariyoba, wato kwas ɗin da ka faɗi, ko ka sake ka ci, sifilin farko ya riga ya ja ka ƙasa. Kuna shigowa babu mai tashinku da asuba, babu mai duba littafinku, sai ku ɗauka an gama wahala. Sai aji uku a zo ana kuka a ofis, ana neman yadda za a ɗaga maki daga 2.10 zuwa 3.50 cikin semesta biyu. Lissafin ba ya bayarwa.

Bashin NELFUND, asusun gwamnati na ba ɗalibai rance, kyauta ne?

Bashi ne. Babu kuɗin ruwa a kansa, kuma sai shekara biyu bayan bautar ƙasa ake fara biya. Kuɗin makaranta jami'ar ake tura wa, ba kai ba.

Hostal ko haya a waje?

Aji ɗaya, hostal, in ka samu gado. Cunkoso ne, e, amma kana kusa da aji, kuma duk sanarwar da ta fito za ka ji. Kada ka sayi gado a hannun wani ɗalibi, in an kama, ku biyu za a hukunta.

Wani lakcara yana matsa min, ya ce sai na same shi a waje.

Ki kwantar da hankalinki, ba laifinki ba ne, kuma ba ke kaɗai ba ce. Kada ki goge saƙonninsa. Kada ki shiga ofishinsa ke kaɗai. Ki gaya wa wani babba a gida yau, sannan ki kai maganar ga shugaban sashe ko ofishin kula da harkokin ɗalibai a rubuce, ki riƙe kwafi. Takardun tes ɗinki ma ki adana su.

In aka tafi yajin aiki me zan yi?

Na ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na 2022 wata takwas ya ɗauka, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ka koyi ɗinki, gyaran waya ko kwamfuta. Barci ba sana'a ba ne.

Dole ne sai na riƙa zuwa lakca? Ina da handawut.

Ƙa'idar yawancin jami'o'i sai ka halarci kashi 75 cikin ɗari kafin a bar ka ka zauna jarrabawa. Wasu malaman ba sa dubawa. Wasu suna dubawa, kuma ba za su gaya maka ba sai ranar.