Manyan Jiragen Dakon Kaya na Teku

Manyan jiragen dakon kaya su ne jiragen ruwan da ake ƙerawa domin kwasar haja mai ɗimbin yawa daga nahiya zuwa nahiya, kuma mafiya girma a cikinsu tsawonsu kan kama daga mita 300 zuwa 400. Sun kasu gida uku: masu ɗaukar kwantena, tankokin ɗanyen mai da iskar gas, sai masu ɗaukar kayan zube irin su alkama, kwal da tama. Fiye da kashi 80 cikin 100 na kayan da ƙasashe ke cinikinsu a tsakaninsu ta ruwa suke bi. Ɗan kasuwar da ke jiran kwantenarsa a Apapa ko Tin Can, da direban tirelar da zai ja ta zuwa Kano, duk da waɗannan jirage suke cin abinci, ko da ba su taɓa taka ɗaya ba.

Girma

Ana auna jirgin kwantena da ma'aunin TEU, wato gurbin kwantena ɗaya mai tsawon ƙafa 20. Doguwar kwantena mai ƙafa 40, wadda aka fi gani a bayan tirela, gurbi biyu take ci. Harkar ta faro ne a watan Afrilun 1956, lokacin da wani mai kamfanin manyan motoci a Amurka, Malcom McLean, ya loda kwantena 58 a jirgin Ideal X daga Newark zuwa Houston. Shekara 50 bayan haka, a 2006, aka ƙaddamar da jirgin Emma Maersk a Odense ta ƙasar Denmak, mai tsawon mita 397 da faɗin mita 56, wanda ke ɗaukar wajen TEU 15,000. A 2023 kuma MSC Irina ya fito da gurbi 24,346, tsawonsa kusan mita 400, faɗinsa ya ɗan haura mita 61. In dogayen kwantenoni aka cika shi da su, sai an nemo tirela sama da 12,000 kafin a kwashe lodinsa.

Abin lura shi ne, tun daga Emma Maersk tsawon bai ƙaru sosai ba. Faɗi ake ƙarawa da tudun lodi, domin tashoshi da mashigan ruwa ne ke yanka wa jirgi iyaka. Tsofaffin ƙofofin mashigin Panama ba sa karɓar jirgin da ya wuce mita 32.3 a faɗi. Sababbin da aka buɗe a 2016 an yi su ne don jirage masu tsawon mita 366. Mashigin Suwez ya fi yalwa, amma shi ma ya nuna iyakarsa a watan Maris na 2021, sa'ad da Ever Given mai tsawon mita 400 ya gitta ya tokare shi har kwana shida, ɗaruruwan jirage suka yi cirko-cirko gaba da baya.

A tsawo da nauyin lodi, tankar mai ce ke riƙe da kambu har yau. Seawise Giant, wanda aka ƙera a Japan a 1979 daga baya aka ƙara masa tsawo, ya kai mita 458, yana ɗaukar tan 564,000 da ɗoriya. A Alang ta Indiya aka farfasa shi a 2010. Manyan tankokin yanzu kan ɗauki ganga miliyan 2 ta ɗanyen mai, jiragen Valemax kuma kan kai tan 400,000 na tama daga Birazil zuwa Asiya.

Inji

Nan ne abin mamakin yake. Yawancin waɗannan jirage inji ɗaya tak ke tura su, da farfela ɗaya. Injin dizal ne mai bugu biyu, wato duk lokacin da fistan ya sauko sai an ƙona mai, ba kamar injin mota da ke ƙonawa sau ɗaya a zagaye biyu ba. Kuma a hankali yake juyawa, wajen zagaye 70 zuwa 100 a minti a manyan jirage, alhali injin mota ko a tsaye take yakan yi 700 zuwa 800. Saboda wannan sanyin juyi, ba a sa masa akwatin giya: sandar injin kai tsaye take haɗe da farfela. Babbar farfela mai juyawa sannu ta fi tura ruwa da kyau, ta fi kuma tattalin mai.

Injin Emma Maersk, ƙirar Wärtsilä-Sulzer RT-flex96C, shi ne misalin da aka fi kawowa. Silinda 14 gare shi, faɗin kowace santimita 96, fistan kuma na hawa da sauka mita 2.5. Tsayin injin mita 13.5 ne, tsawonsa kusan mita 27, nauyinsa tan 2,300. Ƙarfinsa kilowat 80,080, wajen ƙarfin doki 109,000, a zagaye 102 kacal a minti. Injiniyoyi da matakala suke hawa jikinsa, kuma in za a duba cikinsa mutum shiga yake yi da kansa.

Inji irin wannan ba shi da sitata mai amfani da batir. Iska ake matsewa a manyan tankuna, a sake ta cikin silinda ta tura fistan har mai ya kama. Tunda babu giya, babu ribas ke nan. In ana son jirgi ya ja da baya ko ya rage gudu da gaggawa, sai a kashe injin a sake tayar da shi yana juyawa ta ɗaya ɓangaren. Jirgin da ya cika da kaya kan yi tafiyar kilomitoci kafin ya tsaya cik. Shi ya sa ba ya shiga tasha shi kaɗai, sai matuƙin tasha da ya san hanyar ruwan ya hau, ƙananan jiragen ja kuma su rako shi har bakin gaɓa.

Kamfanoni biyu suka mamaye zanen waɗannan injuna, MAN (da ya koma Everllence a 2025) mai ofishin zane a Kofanhagan da WinGD ta Suwizalan, amma ƙirar kanta a Koriya ta Kudu, Sin da Japan ake yi bisa lasisi. Kusan rabin ƙarfin da ke cikin man injin ke mayarwa aiki, abin da injin motar fetur ba ya kusanta. Ban da babban injin, akwai janaretoci uku ko huɗu da ke ba da lantarki ga famfuna, fitilu da kwantenoni masu firiji, irin waɗanda ake shigo da daskararren kifi a ciki. Waɗannan ba sa hutawa ko da jirgi na tsaye a bakin Legas yana jiran layi. Ma'aikatan da ke kula da duk wannan ba su cika wuce mutum 25 ba.

Shan mai

Shekaru da dama baƙin mai waɗannan injuna suke sha, ragowar da ke kwantawa a matata bayan an tace fetur, kananzir da dizal. Yana da arha, yana da kauri ƙwarai, sai an ɗumama shi a tanki kafin famfo ya iya jan sa, a tace datti da ruwa, a ƙara zafafa shi ya haura digiri 100 kafin ya shiga inji.

Injin Emma Maersk, in an sake masa linzami, yakan ƙona kusan tan 14 a awa, sama da tan 300 a yini. Wanda ya ji wannan adadi zai ce ɓarna ce, amma sai a raba shi da lodi. A yini guda jirgin kan shafe wajen kilomita 1,100. Tan 300 a kan gurbi 15,000 ya kama kilo 20 ga kowane gurbi, wato kilo 40 ga doguwar kwantena. Wannan nisan kusan shi ne na Legas zuwa Kano a kan titi, kuma duk direban tirela ya san ɗaruruwan litocin dizal da wannan tafiya ke lashewa don kwantena ɗaya. Dalilin ƙera manyan jirage ke nan gaba ɗaya: lodi na ƙaruwa fiye da yadda turjiyar ruwa ke ƙaruwa, don haka kowace kwantena sai ta tashi da ƙaramin kason mai.

Gudu shi ne babban mai cin mai. Ƙarfin da ake bukata yana hawa ne daidai da gudu sau gudu sau gudu, ma'ana in aka rage gudu da kashi 10 cikin 100, shan mai na yini kan sauka da wajen kashi 27. Jirgin da ya sauko daga mil 24 na teku a awa zuwa 18, man da yake sha a yini ba ya kai rabin na da. Tafiyar za ta ƙara kwanaki, amma duk da haka jimillar man ta ragu sosai. Da farashin mai ya yi tashin gwauron zabo a 2007 da 2008, kamfanoni suka rungumi tafiyar sannu, ba su kuma sake ta ba. Jiragen Triple-E na kamfanin Maersk da suka fito a 2013, masu gurbi 18,000, tun daga zane aka yi su da injuna biyu masu sanyin juyi domin wannan salo. Kuɗin mai yana cikin mafi girman abin da jirgi ke kashewa a tafiya, kuma in ya tashi, kamfanoni kan ɗora ƙarin a takardar kuɗin dako. Haka aka gani daga ƙarshen 2023, da hare-hare a Bahar Maliya suka sa jirage zagayawa ta ƙasan Afirka ta Kudu, abin da ya ƙara wa tafiyar Asiya zuwa Turai kwana goma ko fiye.

Arhar baƙin mai tana da wanda ke biyan ta, wato mai shaƙar hayaƙin. Farar wutar da ke cikinsa na cutar da huhu, kuma mazauna unguwannin da ke kusa da tasha, irin su Ajegunle da Ijora, ba su da bangon da zai tare musu iska. Hukumar Kula da Sufurin Ruwa ta Duniya, IMO, ta rage iyakar farar wuta daga kashi 3.5 zuwa kashi 0.5 cikin 100 tun 1 ga Janairun 2020. Wasu jirage sun koma mai mai tsafta, wasu sun sa na'urar wanke hayaƙi suka ci gaba da tsohon man. Sufurin ruwa na fitar da kusan kashi 3 cikin 100 na iskar da ke ɗumama duniya, kuma a 2023 ƙasashen IMO suka amince a kawar da wannan zuwa wajen 2050. Domin rage hayaƙin, jirgin CMA CGM Jacques Saadé mai gurbi 23,000 ya fara aiki da iskar gas a 2020, Laura Maersk kuma da man metanol a 2023.

A tashoshin Legas

Zurfin ruwa ne ke zaɓar jirgin da zai shigo. Katon jirgin kwantena in ya cika yakan nutse mita 16 ko fiye, hanyar shiga Apapa da Tin Can kuwa ba ta kai haka ba, kuma kullum sai an yi ta yashe ta saboda rairayi. Ita Tin Can ma an buɗe ta ne a 1977, bayan cunkoson 1975 da ɗaruruwan jiragen siminti suka yi watanni suna jira a bakin teku. Saboda ƙarancin zurfi, a 2011 Maersk ya fito da jiragen WAFMAX masu gurbi 4,500 musamman don tashoshin Afirka ta Yamma, kuma kayan Najeriya da yawa sai an sauke su a Lome, Tanja ta Maroko ko Aljesiras ta Sifen, a sake loda su a matsakaitan jirage. Kowane sauke-da-lodi ƙarin kuɗi ne da ƙarin kwanaki a kan mai kaya.

Tashar Lekki da aka ƙaddamar a Janairun 2023 tana da zurfin mita 16.5, kuma a farkon 2024 ta karɓi CMA CGM Scandola, jirgi mai tsawon mita 366 da ke aiki da iskar gas. Matatar Ɗangote da ke yankin ba ta shigo da tankoki bakin gaɓa. Can cikin teku suke ɗaurewa, bututu ya jawo ɗanyen man. Ga ɗan kasuwar Arewa, ribar da babban jirgi ya samar a teku tana iya zubewa a ƙasa in kwantena ta kwana makonni a tasha ko tirela ta maƙale a layi. Tashoshin tudu na Kaduna, da aka buɗe a 2018, da Dala a Kano, a 2023, an yi su ne domin kwantena ta wuce kai tsaye a yi mata aikin kwastan a can, kuma amfaninsu ya rataya ne a kan jirgin ƙasa mai tashi a kan lokaci daga bakin ruwa.