Neman Tushen Kakan da Ya Bar Norwe: Tambayoyi da Amsoshi

Daga 1825 zuwa 1925, mutane wajen 800,000 suka bar Norwe zuwa Amurka. Idan aka cire Ailan, babu ƙasar Turai da ta rasa kaso mai yawa na mutanenta irin haka. Yau jikokinsu a Minnesota da Wisconsin da Dakota suna bin tsofaffin takardu don gano ƙauyen da kakansu ya fito.

Me ya fitar da su daga gida?

Galibi ƙarancin ƙasar noma. Bisa al'adar gadonsu babban ɗa ke riƙe gona, ƙanne kuwa sai ƙodago ko zaman aro a gefen gonar wani. Ayarin farko ya tashi daga Stavanger ranar 4 ga Yuli, 1825, cikin wani ɗan jirgin ruwa mai suna Restauration. Mutum 52 suka shiga, 53 suka sauka a New York a watan Oktoba, don an haifi jaririya a kan teku.

Ta ina mai bincike zai fara?

Daga Amurka, ba daga Norwe ba. Nan ne masu gaggawa suke yin tuntuɓe. Abin da ake nema guda ɗaya ne: sunan gundumar coci ko sunan gonar da mutumin ya fito, domin takardun Norwe gunduma-gunduma aka ajiye su. Sai a duba sanarwar rasuwa a jarida, da littattafan cocin Lutheran na garin da ya zauna, da shafin farko na Baibul ɗin gidan. A wasu gidajen har yanzu akwai akwatin katakon da kaka ta zo da shi, an zana masa furanni, ga sunanta da shekara a jikinsa. Wani lokacin wannan rubutun ne ke buɗe komai.

Me ya sa suna ke rikita mutane haka?

Saboda a karkarar Norwe ta wancan zamani ba a gadon sunan dangi. Bahaushe zai gane tsarin nan take, don kusan "wane ɗan wane" ne da "wance 'yar wane". A misali, in Hans ya haifi Ole, yaron ya zama Ole Hansen. Ɗan Ole kuma Olsen zai amsa, 'yarsa Olsdatter. Gida ɗaya, kowane tsatso da nasa sunan.

Sai kuma suna na uku, na gonar da mutum yake zaune, kamar yadda muke liƙa wa mutum sunan garinsu. Amma wannan adireshi ne kawai: in ya koma wata gona, sunan ya canza. Sai a 1923 doka ta tilasta wa kowa sunan dangi tsayayye. Da suka isa Amurka, wa ya ɗauki sunan uba, ƙane ya ɗauki na gona, aka kuma gyara rubutun don bakin Bature ya iya furtawa. Shi ya sa ba na yarda da sakamakon da aka gina a kan suna kaɗai. Masu suna Ole Olsen sun fi a ƙirga; sai ranar haihuwa da sunan iyaye da na gona sun haɗu kafin a ce shi ne.

Me ke cikin littattafan coci?

Baftisma, tabbatar da bangaskiya, aure da jana'iza, har da lambar agana. Mafi tsufa shi ne na gundumar Andebu, wanda ya fara daga 1623. Daga 1812 aka kawo tsari guda mai layuka, aka sa a riƙa ajiye kwafi na biyu, aka kuma ƙara shafin masu shigowa da masu fita daga gunduma. Wannan shafin na masu fita ya fi komai taɓa ni: layi ɗaya, fasto ya rubuta suna, shekaru, gona, sannan a ƙarshe "Amerika". Sau da yawa shi ne rubutu na ƙarshe a kan mutumin a ƙasar haihuwarsa.

Wahalar waɗannan littattafai ita ce tsohon rubutun hannu irin na Jamus, wanda sai ido ya saba da shi. Ana haɗa su da ƙidayar jama'a ta 1801, 1865, 1875, 1900 da 1910 don ganin gidan gaba ɗaya.

Takardun jirgi fa?

Daga 1867 'yan sandan Trondheim da Kristiania, wato Oslo ta yau, suka fara rijistar masu ƙaura. A kula, da yawa ba su miƙe kai tsaye ba: sun sauka Hull a Ingila, suka hau jirgin ƙasa zuwa Liverpool, suka sake shiga wani jirgin. A shekarun 1850 da 1860 kuma akasari ta Quebec a Kanada suka shiga. Mai binciken da ya tsaya kan takardun Ellis Island kaɗai, wato tashar karɓar baƙi ta New York da aka buɗe a 1892, zai rasa duk na gabanin haka.

Sai an je Norwe?

A'a. Hukumar adana takardun ƙasar ta sa littattafan coci da ƙidaya da rijistar ƙaura a shafinta na Digitalarkivet, kyauta. Akwai kuma littattafan da suke kira bygdebok, tarihin ƙauye gona bayan gona, da jerin waɗanda suka zauna a kowace. Suna rage aiki ƙwarai, sai dai marubutansu sukan yi kuskure, kuma wasunsu sun tsallake talakawa masu zaman aro, alhali daga cikinsu masu ƙaura da yawa suka fito. Duk ranar da aka samu a ciki, a koma littafin coci a gan ta da hannun faston da ya rubuta.